Kujera Gaban Suruki

Yamai, 10 ga Disamba, 1973

Zuwa ga taubashina Kailu, sarkin bin gindin raƙumi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarmu Safi da yara. Mu nan sai godiya. Matata Kubura ta sha fama da haƙori, amma ya kwanta. In ka leƙa Tudun Muna ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ɗanta bai zama Bazabarme ba tukuna, ko da yake da Zabarmanci yake sayen gishiri.

To nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran. An kafa komite da zai riƙa sa ido a kan sufuri a ƙasar Kurfey: wa zai ɗauki kaya, ta wace hanya, a sauke a ina. Babban aikinsa a bana shi ne dawar taimako da ke shigowa saboda fari. Kujeru biyar ne. Ta shugaba an ba wani Mushe Ali, wato Malam Ali a bakin 'yan Faransanci, da za a turo muku daga nan. Sai ta masu gari, ta 'yan kasuwa, ta masu kamyo, wato manyan motocin kaya, da ta masu raƙuma da jakuna. Wa'adi shekara biyu ne. Wanda ya ƙi zuwa zama sau uku a jere ya sauka. Magana kuwa da ɗaga hannu ake yanke ta, mafi yawa su ci. Nan gaba, in kujera ta zama wofi, shugaba ne zai aiko da sunaye uku, biron da nake aiki, wato ofishinmu, ya zaɓi ɗaya, a buga takardar naɗi.

Amma a wannan karo na farko mu muka cike da kanmu. Da aka zo kujerar masu raƙuma, babbanmu ya juyo ya ce, "Manzo, kai ɗan can ne, wa ka sani?" Na ce na san wani mai taurin kai da ya gudu daga lakwal, makarantar boko, ya bi ayari, amma yana karatu yana rubutu, kuma ba a taɓa cewa kayan wani ya ɓace a hannunsa ba. Da yatsuna na buga sunanka a keken rubutu.

Ga shawara kyauta. Ka wanke riga, ka je da wuri, ka sha shayinsu. In ka ga hannuwa sun tashi, naka ya tashi. Komite ba kasuwar dabbobi ba ce da ake ɗaga murya. Kada ka ba ni kunya, don ni za a tambaya.

Ina jiran tukwici. Cuku biyu sun isa.

Naka, Manzo


Filinge, 12 ga Janairu, 1974

Zuwa ga bawana Manzo, ɗan mace.

Gaisuwa da barka da Salla. Muna lafiya, Safi tana amsawa, ta ce a yi wa Kubura sannu da haƙori. Layyar bana dai wanda ya yanka rago ya yanka ƙashi da fata. Cuku kuma da kake nema, sai ka zo ka nuna mini nonon da za a yi shi. Na je Tudun Muna bayan Salla. Gwaggo, innarka, tana nan da bakinta, amma rumbunta ya kusa ganin ƙasa, haka na kowa.

Bawa ya yi wa ubangijinsa aiki, to madalla. Na wanke riga, na je da wuri, na sha shayi. Hannu ne kawai bai bi shawararka ba.

Ga abin da na tarar. Dawa tana zuwa a kamyo, a sauke ta a garuruwan da ke bakin hanya, a rufe a mangaza, ɗakin ajiya. Wanda ke so ya tako da ƙafarsa ya karɓa. Kai ka san Tudun Muna, ka san ƙauyukan da ke bayanta. Yini da rabi ne ga mai ƙarfi, cikin yashin da ke kama ƙafa. Tsohuwa kamar Gwaggo za ta tako? Ko mace mai goyo da ba ta ci ba tun jiya? Waɗanda suka iya takowa kuwa ba sa komawa, suna kafa bukkoki a bayan gari, ƙauye yana mutuwa a bayansu.

Na ce a raba aikin. Kamyo ya kawo bakin hanya, raƙuma da jakunan da suka rage su ɗauka su shiga tudu, a biya masu su da dawa da dusa, dabbobin ma su rayu. Mushe Ali ya gyara tabarau ya ce doka ta san abin hawa mai lamba ne, raƙumi kuwa ba shi da lamba. Na ce masa, "Mushe, kamyo ba shi hawan tudu, ko ka ba shi lamba goma." Ibrah, wakilin masu gari, ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Sule na 'yan kasuwa bai yi ba. Shi dawa ta tsaya a bakin hanya ta fi masa, don nan mayunwata ke sayar masa da awakinsu a banza.

Aka ɗaga hannu. Ni da Ibrah gefe guda, Mushe Ali da Sule gefe guda. Na biyar ɗin, wanda kuka naɗa wa masu kamyo, ya kwashe motocinsa ya koma Dosso tun kaka, ya aiko ya ce ba ya so. Ka ga aikinku na 'yan biro, kun naɗa mutum ba ku san ma ba ya gari ba. Mushe Ali ya ce a jingine magana sai an cike kujerar.

Saboda haka komai yana kan wannan kujera. Sunaye uku za su iso gabanku. Manzo, don Allah ka buɗe ido. Kada ka bari a kawo mana baƙo. A sa mutumin da ya san ƙasar nan, ya san mu, wanda in na yi magana zai ji. In aka samu haka, kafin zafi ya shigo dawa tana ƙofar Gwaggo.

Ubangijinka, Kailu


Yamai, 28 ga Janairu, 1974

Kailu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Muna lafiya. Na karanta takardarka, na yi dariyar lamba goma, sannan dariyar ta yanke da na zo kan rumbun Inna.

Albishirinka. Sunayen sun iso shekaranjiya. Biyu daga ciki ban san su ba, wasu 'yan Baleyara ne. Na saman kuwa, da na gan shi sai da na yi hamdala a fili har planto, ɗan aikenmu, ya waiwayo. Elhaji Magagi, baban Safi, surukinka! Ashe Mushe Alin nan ba mugu ba ne kamar yadda ka zana shi, ga shi da hannunsa ya miƙo maka naka. Babbanmu ya sake tambayata, na ce wannan dattijo ne, kamyonsa ɗaya amma sunansa ya fi motoci goma. Aka buga, aka sa hannu, takardar naɗi tana hanya.

Ka ce a samo wanda ya san ƙasa, ya san ku, zai ji maganarka. Wa ya san ka kamar wanda ya ba ka 'yarsa? Yanzu ku biyu ne daga gida ɗaya, ga Ibrah na uku. Magana ta ƙare. Ka fara ɗaure wa raƙumanka sirdi.

Wannan karon cuku biyu ba su isa ba. Bawa irina ai sai a 'yanta shi.

Naka, Manzo


Yamai, 2 ga Maris, 1974

Kailu,

Ina gaisuwa, in har yanzu ana amsa gaisuwar talaka a gidanka. Mu lafiya. Ku kuwa ban sani ba, tunda wata guda ya wuce ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Na aiko da sukari da shayi a kai wa Inna, ban ji sun isa ba, ban ji ba su isa ba.

Da farko na ce aiki ne ya yi maka yawa, kana can cikin tudu da ayari. Jiya na je tashar motocin Filinge, na tarar da wani shofar, direban da muka saba. Na tambaye shi labarin komite. Ya ce ai an gama, an ba masu kamyo aikin duka, dawa tana nan bakin hanya inda take. Na ce ina Kailu? Ya ce Kailu yana zuwa kowane zama, amma ba a jin tarinsa. Ya ce ranar da aka yanke maganar ma ba ka ɗaga hannu ba, Ibrah kaɗai aka bari yana ta kumfar baki.

Ban yi barci ba. Kai da ka cika mini takarda da kukan ƙauyuka! Ashe da aikin ya faɗa gidan surukinka sai kuka ya ƙare? Na san kamyon Elhaji in ya samu, tukunyarka ma ta samu. Ba na hana ka ci, yunwa ba ta da ɗan'uwa. Amma da ka gaya mini tun farko, da ban tsaya gaban babbanmu ina rantsuwa da kai ba.

Uwata tana bayan tudun nan, Kailu. Gwaggonka ce, ita ta goye ka lokacin da innarka take jinya. In kai ka ƙoshi, ka tuna ita ba ta ƙoshi ba.

Ka amsa mini, ko da zagi ne.

Manzo


Filinge, 9 ga Maris, 1974

Manzo,

Na amsa gaisuwarka don Allah ya ce a amsa. Muna raye. Sukari da shayi sun isa, ni na kai da kaina. Gwaggo tana raye, ta rame, ta ce ba za ta bar ɗakinta ba ko za a ja ta da igiya.

Ka nemi zagi, to ga shi. Wata guda ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don na san abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Yanzu da ka kira ni mai cin amanar Gwaggo, ka buɗe mini baki.

Shekarunka nawa a Yamai, da har ka manta abin da yaron goye ya sani a Kurfey? Tun ranar da aka ɗaura aurena da Safi ban taɓa cin abinci a gaban babanta ba. Ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a takardar nan ba za ka gan shi ba. In na hango shi a hanya, tuɓe takalmi nake in durƙusa har ya wuce. Wannan mutum ka ɗauko ka dasa a kujerar da ke kallon tawa, ka ce in yi gardama da shi a kan abincin gidansa, sannan ka zauna kana jiran cuku. Garin neman gira ka tsone mini ido.

Kana tsammani don ƙaunata Mushe Ali ya sa sunansa a sama? Sule ne ya raɗa masa. Baƙo bai san kunyarmu ba, amma ɗan gari ya sani. Sun nemi abin da zai rufe mini baki ba tare da sun taɓa ni ba, suka samu, kai kuma ka buga musu hatimi kana hamdala.

Ranar zaman na shiga da maganata a shirye. Ina ɗaga labule na gan shi zaune. Ban san lokacin da takalmina suka fita ba. Na tsuguna a bakin ƙofa. Mushe Ali ya ce, yana murmushi, "Malam Kailu, ga kujerarka." Na ce nan ma ya yi. Ya ce, "Wa ke da magana a kan raƙuma?" Ibrah ya dube ni. Ni ina duban ƙasa. Aka ce masu son kamyo su ɗaga hannu, uku suka tashi, har da na Baba, surukina. Aka ce masu ja, Ibrah ya ɗaga shi kaɗai. Nawa hannun yana kan gwiwata kamar na wani. Zama na biyu ma haka. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina ba sai a bakin ƙofar nan.

Na aiki Ibrah gidan Baba ya kai masa bayanin a asirce. Ka san abin da ya ce? "Ni ban ji komi ba cikin zama. Mai magana shi yi ta inda anka aje don yin ta." Ban san ko rufe ƙofa ya yi ba, ko buɗewa. Kuma ba na ganin laifinsa. Kamyon nan ɗaya shi ke ciyar da gidansa da na ƙannensa biyu.

A Tudun Muna yanzu 'ya'yan anza masu ɗaci ake jiƙawa a ci. Mata suna tona gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu. Raƙumana biyu da suka rage na ɗora musu rabon gidana na kai, ya zama kamar an tofa yawu a yashi. Wannan shi ne ƙoshin da ka ji na yi.

Sule ya aiko wani ya ba ni shawara in ajiye kujerar, in huta da kunya. Ba zan ajiye ba. In na sauka, mai ba dokin Sule ciyawa za a kawo ya zauna da sunan masu raƙuma. Ko a tsugune ne, ina nan, kuma ba zan yi fashi ba balle su ƙirga mini uku.

Tunda kai ne malamin dokar, duba mini. Ana iya tayar da maganar da aka riga aka yanke? Ina iya rubutawa a karanta, ko in sa Ibrah ya faɗa da sunana, ya ɗaga hannu a madadina? Ka amsa da motar farko. Kada ka ƙara yi mini wani alheri sai ka tambaye ni.

Kailu


Yamai, 14 ga Maris, 1974

Ɗan'uwana Kailu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Safi. Ban san da wane ido zan dube ta ba. Kubura ta karanta takardarka bayana, ta ce, "Kai yanzu sai an gaya maka wannan?" Ni da surukina a faranti ɗaya muke ci a nan, har mu yi musun ƙwallo. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani ba ne, mantuwa ce, ita ce ta fi ciwo. Abin da na rubuta maka kuma na janye shi, ka yafe mini.

Na duba dokar daga farko har ƙarshe. Ana iya tayar da magana, amma sai wakilin da abin ya shafa ya tashi da kansa ya nema. Raƙuma naka ne, saboda haka Ibrah ba zai iya ba. Ba a karɓar rubutu. Ba a aron baki, ba a aron hannu. Kuma shugaba ba ya ƙirga hannun wanda ba ya kan kujerarsa. Na nemi hanyar sauke Elhaji, babu, sai in ya yi fashi uku, ko shugaba ya kawo ƙararsa a kan rashin ɗa'a. Wannan ƙofar ta biyu kuwa kai ta fi kusa da kai, ka kiyaye.

Ga abin da nake gani. Ka bar musu. Kada ka kashe aurenka a kan kujerar shekara biyu. Ko ka yi magana, wa ya ce Elhaji zai juya wa kamyonsa baya? Sai ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ka ɗauko mini Inna ko tana so ko ba ta so, ka sa ta a mota, ɗaki yana nan. Sauran ƙauyukan Allah yana sane da su.

Ni na ɗaura maka wannan, na sani. Shi ya sa nake roƙonka ka kwance ka tafi.

Naka, Manzo


Filinge, 4 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga bawana Manzo.

Gaisuwa mai yawa gare ka da Kubura, wadda ta fi ka hankali. Muna lafiya, sai zafi. Na yafe maka, ba don ka cancanta ba, don ba ni da wani bawan.

Shawararka ban ɗauka ba. Gwaggo ba buhu ba ce da zan ɗora a mota, kuma ba ita kaɗai ke da ciki a bayan tudu ba.

Na karanta wa Safi takardarka. Ta ci gaba da tankaɗe. Sai da safiyar zaman, ina sa riga, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Kunyar ga da kake yi mishi, don ni ta. To na ɗauke maka. Ɗiyan mutane na mutuwa, kai kana tsugunne bakin ƙohwa kamar mai jiran sadaka." Na ce ta san abin da zai biyo baya? Ta ce ubanta ne, ta fi ni sani. Sannan ta ce, "Abu guda: kak ka kira sunanai." Ta shige ɗaki, na ji tana kuka.

Na shiga da takalmina. Daga labule zuwa kujerar nan ba nisa, amma na sha ratsa daji da ayari ban gaji haka ba. Na ja ta na zauna. Sule ya bar kofinsa a sama. Na ce ina neman a tayar da maganar raƙuma. Mushe Ali ya fara lalube cikin takardunsa, na ce kada ya wahala, doka ta ba ni, ɗan'uwana ne ya buga ta.

Sai na ɗaga kai na dubi Baba. Manzo, ashe ban san fuskarsa ba. Akwai tabo a gefen girarsa, ban taɓa gani ba sai ranar. Na ce, "Baba, ka gahwarce ni. Kamyonka na kawo dawa bakin hanya, Allah shi saka. Amma ba shi hawan tudu, kai ka hi kowa sani. Mutanen da ka bayan tudun ga su munka ci hatsinsu shekara da shekaru. Yau anza sukai ta jiƙo. In munka bar su, wa za ya noma muna in ruwa ya dawo?" Na faɗi sauran duka, ban fasa ba. Shi kuwa ya ja rawani ya rufe bakinsa, idonsa a kan tebur.

Mushe Ali ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, yaro ya tsaya yana yi wa surukinsa wa'azi. Nan ne na ɓata. Na bugi tebur na ce shi da ya ari kunyarmu ya yi takunkumi da ita ba shi ne zai koya mini tarbiyya ba. Na san na ba shi abin da yake nema, amma ko yau aka sake sai na buga.

Aka ɗaga hannu. Masu ja, Mushe Ali da Sule. Masu son raƙuma, ni da Ibrah. Muka tsaya haka, hannuwanmu a sama. Can sai Baba ya ɗaga nasa, a hankali, bai dubi kowa ba. Da aka rubuta, ya miƙe ya gyara riga, ya ce wa Ibrah, ba ni ba, "Hwaɗa mishi gaskiya yah hwaɗi, don haka na ɗaga. Amma ƙahwad da ta shigo gabana da takalmi ba ta ƙara taka zaurena." Ya fita. Da yamma ya aiko a gaya wa Safi ƙofa a buɗe take gare ta da yaranta, ban da ni. Har yau ba ta je ba, kuma ba ta daina kuka ba.

Ayari ya tashi da abin da muka iya tarawa, raƙuma da jakuna, wasu da kyar suke ɗaukar kansu. Ni na ja na Tudun Muna. Ba zan ɓoye maka ba, maƙabarta ta ƙaru, kuma yawanci gajerun kaburbura ne. Na tsaya a kansu na tuna zaman da na yi a tsugune. Wannan laifin ba naka ba ne kai kaɗai, har da ni.

Gwaggo na same ta kwance a inuwar rumbu. Labari ya riga ni isa. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba, ta ce, "Kai na anka ce ka zamna bisa kujera gaban surukinka, da takalmi?" Na ce, "Ni na, Gwaggo." Ta ce, "Ɗan ƙanena, marar kunya. Allah wadai." Ta juya mini baya. Can ta ce, "Mi kake jira? Kwance buhun, maƙwabta na da yara." Uwarka tana raye, Manzo, kuma ta ci tuwo a gabana.

Mushe Ali ya rubuta ƙarata a kan rashin ɗa'a, ta taho Yamai. In aka amince, takardar sauke ni a kekenka za ta faɗo. Ba na roƙon ka ƙi bugawa, kana da yara. Ka buga. Amma na san biro, takarda tana iya kwana a ƙarƙashin 'yar'uwarta har ta yi wata. Akwai ƙauyukan da ayari bai kai ba tukuna. Wannan alherin na yarda ka yi mini.

Jiya na haɗu da Baba a hanyar masallaci. Na tuɓe takalmi na durƙusa kamar kullum. Ya wuce kamar babu kowa a wurin. Gobe in na gan shi zan sake durƙusawa, jibi ma haka, har ranar da ɗayanmu zai bar duniya. Amma ranar Alhamis akwai zama, Sule yana so a sake tayar da maganar, kuma a kan kujerata zai same ni.

Wassalam. Ubangijinka, Kailu